Maganin da Na Bayar da Sunan Ɗana a Sentul

Ana kiran assalatu muka kama hanyar filin jirgi, ni da wata yarinya da za ta wajen mijinta. An haɗa mu ne don ta riƙa karanta min alluna. Na ce ta huta, na yi yaƙi da jahilci, ko da yake sai da na aurar da 'ya'ya biyu sannan na riƙe fensir. Muka yada zango a Doha, ƙafafuna suka kumbura kamar alkubus, washegari muka sauka Kuala Lumpur.

Ɗana ya tarye mu. Ɗan fari ne, don haka Likita nake ce masa. Likitan mata ne a gida, gwamnati ta turo shi ƙaro karatu. Muka hau jirgin ƙasa, daga nan ya kai mu Brickfields, unguwar Indiyawa, aka zuba mana shinkafa a ganyen ayaba. Na ga kowa da hannu yake ci, na ce to waɗannan 'yan gida ne. Abinci da araha, haya ce ke cinye kuɗin ɗalibai. Gidan da yake zaune da matarsa da yara a unguwar Sentul yana can saman bene, in na leƙa ƙasa sai juwa ta ɗebe ni. Kullum la'asar sai an yi ruwa, kuma zufa ba ta fasa ba.

A sati na biyu maƙwabciyarsu Maman Hanif, 'yar Katsina, ta shigo gaishe ni da yaronta, jikinsa zafi zau. Na ce me ake da likita a gida? Na kira shi. Ya taɓa goshin yaron kawai ya ce a kai shi asibiti yau, shi ba zai rubuta magani ba.

Da ta fita na tasa shi gaba. Ya ce ba shi da lasisin aiki a ƙasar, kuma a nan ba a sabunta wa likita lasisi sai yana da inshora, wato kamfanin da zai biya diyya in ya yi kuskure aka kai shi ƙara. Ya ce tsadarta ta danganta da ƙasa da kuma fanni. Masu karɓar haihuwa irinsa da masu fiɗa su suka fi biya. A Amurka abin da wani ke biya a shekara ya isa gina gida a Kano. A Ingila gwamnati ke tsaya wa na asibitinta. A wajenmu kuwa da yawa ba su damu ba, tunda ko an yi ɓarna sai dangi su ce kwana ne ya ƙare. Na ce masa boko ya mai da shi matsoraci, tun kafin a haife shi nake jinyar zazzaɓi.

Na buɗe jakata, na ɗauko maganin maleriya da na ciwon jiki da na taho da su, na karanta kwalin da kaina, ina jin daɗin na iya. Na kai wa Maman Hanif. Na ga tana ɗari-ɗari, sai na ce Likita ne ya ce a ba shi.

Bayan kwana biyu yaro ya fara haɓo, dasashinsa na jini. Ashe dengi ne, wani zazzaɓin sauro da ba maleriya ba, kuma maganin ciwon jikin nan ƙara zubar jini yake. A asibiti aka tambayi uwar wa ya ba da magani, ta faɗi abin da na gaya mata. Suka ce za su kai sunan ɗana hukumar likitoci da jami'arsa.

Ɗana ya dawo gida bai ɗaga murya ba. Ya durƙusa ya ce, "Hajiya, ba ni da mai tsaya min a ƙasar nan. Me kika ba shi?"

Na ɗauki kwalayen muka tafi. Suka ƙi yarda shi ya yi tafinta, tunda shi ake zargi, sai surukata. Yarinyar da ba ta iya haɗa ido da ni, ita ta riƙa juya bayanin ƙaryar da na yi zuwa Turanci kalma kalma. Likitar, wata Ba'indiya, ta yi tambaya, surukata ta sunkuyar da kai ta ƙi fassara min.

Na ce, "Faɗa min, ba yanka ni za ta yi ba."

Ta ce, "Umma, wai a ina kika karanci aikin likita."

Na ce ta gaya mata ban karanta ba.

Yaro ya tashi bayan an ƙara masa ruwa da jini. Aka bar maganar ƙara, amma sai da aka kira ɗana a jami'a aka ja masa kunne, babba da shi mai 'ya'ya uku. Ranar tahowata na shiga sallamar Maman Hanif. Ta gaishe ni har ƙasa. Na miƙa hannu zan ɗauki yaron, ta ce barci yake ji, ta mai da shi bayanta.

Mun sauka Kano da hantsi, gida cike da 'yan sannu da zuwa, kowa na cewa uwar Likita ta ga duniya. Na gani. Na ga ƙasar da kuskure ke da mai shi, har ana tanadin kuɗinsa tun kafin a yi. Ni kuwa shekara da shekaru ina raba magani a unguwa, ban taɓa tambayar kaina ba, cikin waɗanda muka ce kwanansu ne ya ƙare, ko akwai wanda hannuna ya taɓa.