'Yan Ƙwallon Ƙasan Akwati

Ga shi nan kuma. Godelieve, mai sayar da tsofaffin hotuna a kasuwar gwanjo da ke ci kowace Lahadi a birnin Gent, tana hango hularsa ta ja tsaki. Dogon dattijo ne, kwat ta yi masa yawa, takalmi kuwa sai sheƙi. Ko tsohon soja ne, ko malamin makaranta, oho. Bai dai taɓa sayen komai ba.

Yana zuwa sai ya tsuguna gaban akwatin da ta ɓata safiya tana jerawa, ya birkita shi har ƙasa, ya zaro hoton nan dai: 'yan ƙwallon wani ƙauye kafin yaƙin duniya na farko, samari sun harɗe hannu, gashin baki bai gama fito musu ba. A saman kawunan yawancinsu an zana ɗan gicciye da fensir, alamar waɗanda suka tafi fagen daga ba su dawo ba. Yana goge hoton da hannun riga, ya tare wa masu saye hanya.

"Haba Baba!" in ji ta. "Kullum sai ka hargitsa min kaya. In kakanka ne a ciki, ɗauka ka tafi, na bar maka."

"Ban san ko ɗayansu ba, 'yar nan."

"To, mene ne na wahalar da ni?"

Ya jingina hoton a kan tebur, fuskokin suna kallon rana.

"An riga an binne su sau ɗaya," ya ce. "Ke kuma kowace Lahadi sai kin sake binne su."