Tashar da Kaka Ta Sauka

A gidanmu na unguwar Minguettes, gefen birnin Lyon, hawa na goma sha ɗaya, babu murhu babu itace. Abin ɗumama ɗaki wani farin ƙarfe ne manne da bango, Kaka kuwa ba ta taɓa yarda da shi ba. Ta ce wutar da ba ta da ido ba a hira a gabanta. Shi ya sa a sanyin farko da ta yi tare da mu, bayan Baba ya ɗauko ta daga Damagaram, ta sa aka sayo mata ɗan rishon lantarki a kasuwar Asabar, mai sanduna biyu da ke yin jawur. Da an sallame isha'i sai ta jawo shi tsakiyar ɗakinta ta miƙe ƙafafu. Ni da ƙanwata Mariyama mu zauna a kan darduma, gwiwoyinmu na gasuwa, bayanmu na daskarewa. Shekarata takwas lokacin.

Ba ta fara tatsuniya kai tsaye. Sai an yi hirar duniya tukuna: wa ya ɓata asansar, na'urar hawa benen nan, nawa ake sayar da albasa, me ya sa matar hawa na tara ba ta amsa gaisuwa. Tagar ɗakinta gabas take kallo, ranar da gari ya washe ana hango duwatsu farare can nesa. Mu muka gaya mata cewa 'yan ajinmu masu hali can suke zuwa hutun Fabrairu, su ɗaura katako a ƙafa su zamo daga sama, ana ce wa abin ski.

"To idan sun gangaro, sai me?"

"Sai su sake hawa, Kaka."

"Su sake gangarowa?"

"Eh mana."

"Babu wani abu da suka manta a saman?"

Muka ce babu. Ta jinjina kai ta ce Allah ya ba su lafiya. Daga ranar ta raɗa wa abin suna zamiyar Nasara.

Jirgin ƙasa ma yana shiga hirar, don sai da ta zo nan ta fara ganinsa. Gudunsa bai dame ta ba, shirun cikinsa ne ya dame ta. Takan ba mu labarin tafiyarta daga Damagaram zuwa Yamai a babbar mota, yadda kowa ke kwance guzurinsa ya miƙa wa na kusa, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba. "Abokin tafiya ɗan'uwa ne har a sauka," in ji ta. "Mutum ya buɗe abinci ya juya wa jama'a baya, ai wannan ba tafiya yake ba, gudun hijira yake."

Sai hira ta lafa sannan ta gyara mayafi ta ce ga ta nan tafe, mu ce ta iso mu ji ta. Tatsuniyoyinta da yawa sun zube mini. Guda ɗaya ce ta zauna, ita ma don haushin da ta ba ni.

Wai wata tsohuwar akuya ce ta tsinci jaririya a bakin rijiya. Ta shayar da ita, ta kwana tana kare ta daga raɓa, har yarinya ta girma ta yi kyau. Fatake suka gan ta suka tafi da ita birni, wata mai sayar da zannuwa ta riƙe ta kamar 'yarta. Bayan shekaru akuya ta ji kewa. Ta tsinko magarya ta ƙulle a ganye, ta ɗauka a baki, ta yi tafiyar kwana uku. Ta tarar da yarinya a ƙofar gida cikin ƙawaye ana kitso. Ta tsaya daga nesa tana kallo. Ƙawaye suka ce, "Akuyar wa ce wannan take ta kallonki?" Yarinya ta ce, "Oho, ban san ta ba." Akuya ta ajiye ƙunshin magarya a ƙasa ta ce, "Gaskiya ta faɗa, ɓatan kai na yi." Ta juya ta kama hanya.

Nan Kaka take rufe ta, ta ce tatsuniya ta koma inda ta fito.

Mariyama ta ce, "Sai me ya sami yarinyar?"

"Ba abin da ya same ta. Ta yi aure, ta haihu, ta tsufa."

Na ce ba haka ake yi ba. A sauran tatsuniyoyi marar kirki dutse take zama, ko ƙasa ta haɗiye ta. Kaka ta yi dariya har haƙorinta na Makka ya fito.

"Ku yara kun fiye son a doki mutum. Wanda aka doka ai ya huta, Dije."

Ban gane ba, ban kuma nemi ganewa ba. Na ɗauka tsufa ne ya sa ta manta ƙarshen.

Yanzu shekarata ashirin da ɗaya. Bayan na gama lise, wato sakandare, na koma Sevran kusa da Paris, gidan Gwaggo, ƙanwar Baba, ina aiki a wani kantin takalma cikin Paris. A can ba a ce mini Dije, Adi ake ce mini. Da abokan aiki suka ji daga Lyon nake, suka ce ashe ni 'yar duwatsu ce, lalle na iya ski. Ban ce a'a ba. Gaskiyar ita ce sau ɗaya aka taɓa kai mu, yini guda, cikin rigar aro, kuma rabin yinin a zaune na yi shi. Amma baki ya riga ya tafi. Kullum sanyi ya shigo sai in ƙara wa ƙaryar gishiri.

Kwana goma ke nan da abin da zan faɗa. Kaka ta zo Sevran suna, jikar Gwaggo aka raɗa wa suna, aka ce ni zan mayar da ita Lyon. Baba ya bugo waya ya ce, "Amana ce na ba ki, kada ki saki hannunta." Zai jira mu a Part-Dieu, tashar jirgin ƙasa ta Lyon. Na zaunar da ita gefen taga, na ɗora jakarta a sama, na ce mata, "Awa biyu ne, Kaka. Ba ya tsayawa ko'ina. Idan kin ji ya tsaya, mun iso." Duk jiragen da na saba hawa haka suke. Ban duba na ranar ba.

Ba mu fita daga Paris ba na ji an ce "Adi". Céline ce, wadda muke aiki tare, ita da ƙawarta, layi huɗu gabanmu, da manyan rigunan sanyi. Za su sauka Lyon su ɗauki mota zuwa duwatsu. Akwai kujera babu kowa a gefensu. Na ce wa Kaka ina zuwa.

Hirar ba ta komai ba ce. Wai ƙanƙarar dutsen Chamrousse ta yi laushi bana, ko Jura ta fi sauƙi ga mai koyo, ko jirgin safe ya fi na yamma arha, ga tsadar haya, ga shugabar kanti da baƙin halinta. Ina ta sa baki kamar wadda aka haifa a kan katakon. Har cewa na yi ni a wurin zamiya jan layin gwanaye nake bi, shuɗi na yara ne. Ina cikin wannan na ji ƙamshin albasa da zogale. Kafin in juya na san mene ne.

Kaka ce tsaye, hannu ɗaya riƙe da kan kujera, ɗayan riƙe da robar dambun da Gwaggo ta zuba mata, da cokula uku na roba. Jirgi na jijjiga ta. Ta miƙa wa Céline ta ce, "Bismillah, 'yan mata."

Céline ta dube ni da fara'a ta ce, "C'est ta grand-mère?" Wato kakata ce?

Na ce, "Non, une voisine." Maƙwabciya ce, taimaka mata kawai nake yi.

Kaka ba ta jin Faransanci sosai. Amma shekara goma sha uku tana gaisawa da maƙwabta a bakin asansar, wannan kalmar ta san ta. Ba ta dube ni ba. Céline ta karɓi cokali ta ci, ta ƙara, ta ce yana da daɗi, ta tambayi sunan ganyen. Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya toshe hanci. Abin da nake tsoro bai ma zo ba. Kaka ta jira suka gama, ta rufe robarta, ta koma tana dafa kujeru ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na kasa zama inda zan riƙa hango ɗankwalinta, na ce mu je taragon shan kafe.

Muna can jirgi ya tsaya. Na ga allon ta taga, Le Creusot, na ga fili fetal da ciyawa ta daskare. Minti biyu ko uku ya tashi. Wallahi ko a raina ban kawo komai ba, ina ba da labarin wata faɗuwa da ban taɓa yi ba.

Sai da muka kusa Lyon na koma. Kujera babu kowa. Sama babu jaka. Mutumin da ke gefe ya cire abin kunnensa ya ce, tsohuwar? Ai ta sauka a tashar baya, shi ma ya sauko mata da jakar.

Ban san yadda na sami mai duba tikiti ba. Na san dai ina magana yana cewa in yi a hankali bai gane ba. Ya kira tashar. Aka ce an ga wata tsohuwa tsaye a ƙarshen dandamali, a waje, cikin iska, an yi an yi ta shigo ɗakin jira ta ƙi. Babu waya a hannunta, rigar sanyinta kuma ta cikin gari ce. Aka kai mata wayar tashar na yi mata magana.

"Dije, kin sauka lafiya?" Muryarta na rawa. "Mutanen naki sun tafi?"

Na ce, "Kaka, me ya sa kika sauka?"

"Na ji ya tsaya. Na ce bari in riga ki, in jira ki can gefe, ki yi sallama da su a tsanake."

Sai da na roƙe ta sau uku ta yarda ta shiga ciki. Ta ce tana tsoron in zo in duba inda ta tsaya in rasa ta.

A Part-Dieu Baba ya ce in shiga mota. Kusan awa biyu muka yi a hanya. Muka same ta an lulluɓe ta da bargo, ga shayi a gabanta ba ta taɓa ba. Kafin Baba ya buɗe baki ta ce, "Kada ka yi wa yarinya faɗa. Bayi ta shiga, ni kuma na yi gaggawar tsofaffi." Baba ya sauke numfashi, ya dafa kafaɗata ya ce ƙaddara ce, in daina kuka.

Kwana biyu bayan nan zazzaɓi ya rufe ta, ƙirji ya kama. Tana asibiti har yau, da robar iska a hanci. Likita ya ce ana samun sauƙi, amma shekaru sun ja, sai a hankali. Ban koma Paris ba. Duk lokacin da wayar Baba ta yi ƙara sai in kasa kunne. 'Yan dubiya suna zuwa daga Vénissieux da kewaye, kowa ya ce sannu Hadiza, kin sha fargaba, Allah ya yi miki albarka da kula da tsohuwa. Ni kuwa in ce amin.

A kujerar asibitin nan na gane Kaka ba ta manta ƙarshen tatsuniyarta ba. Da yarinyar nan ta zama dutse, da an gama da ita a rana ɗaya, mutane su wuce su nuna ta su ce ga sakamako. Amma aka tabbatar mata da ƙaryarta a gaban ƙawaye, aka bar ta ta ci gaba da zama mutuniyar kirki a idon kowa. Ina yarinya na ɗauka ta tsira. Yanzu ina tunanin shekarun da ta yi tana amsa gaisuwa.

Jiya da la'asar Baba ya sauka sayo ruwa, muka rage mu biyu. Na matsa kusa da gadon na ce, "Kaka, zan gaya wa Baba yadda aka yi. Duka, har abin da na ce wa 'yan matan."

Ta buɗe ido ta daɗe tana kallona. Ta ɗaga robar hancin kaɗan.

"Na riga na gaya wa ɗana yadda aka yi," ta ce. "Da girmana, ina kan gadon asibiti, za ki mayar da ni maƙaryaciya a gabansa?"

Na ce, "To ni ya zan yi?"

"Ki gyara mini filon nan, wuyana ya gaji."

Na gyara. Baba ya shigo da ruwan, ya same ni sunkuye a kanta, ya ce, "Kin gani, Inna, jikar taki ba ta gajiya da ke."

Kaka ta ce, "Ai na sani."