Malam Yaji da Zaren da Ya Kai Goggo Jidda

Da ƙarfe bakwai na safe za ka ga Malam Yaji yana tura kekensa ta ƙofar makaranta, ƙwallon taswirar duniya ɗaure a baya, an naɗe shi da tsohon zani kamar jariri. A aljihunsa akwai alli da ƙullin farin zare. Shekara talatin da biyar yana koyar da labarin ƙasa a Mubi. A watan nan ya yi ritaya, keken da zanin duk suna nan.

Mu da muka zauna a ajinsa mun san aikin zaren. Yakan dafa bakin zaren a kan wani birni, ya ja zuwa wani, ya auna, ya faɗi nisan ta sama. "Jirgi ba ruwansa da kwana, ba ruwansa da gada," in ji shi. Tela muke kiransa a ɓoye, muna dariya.

Bara na daina dariyar. Goggona Hapsatu, manomiyar wake a ƙauyen Sahuda, ta samu kujerar Hajji bayan damina tara tana tanadi. Sai wani ya gaya mata daga Yola zuwa Jidda kilomita dubu uku ne da ɗoriya. Ta yi lissafi irin namu: Yola kilomita ɗari biyu ce, mota na cin awa huɗu, ƙafafunta na kumbura kafin ta sauka. Ke nan Jidda kwana biyu da rabi ne a zaune. Ta ce a mayar da kujerar, ita ba za ta mutu a sama ba. Mun lallashe ta har mun gaji, ga shi saura kwana uku a rufe karɓar fasfo.

Na faɗa wa Malam. Washegari da hantsi sai ga shi a Sahuda a kan keke, ya jiƙe da gumi. Ya ajiye ƙwallon a tabarma, ya ja zare daga Yola zuwa Jidda.

Ya kira ta uwa da Fillanci, ya ce, "Dada, zuwa Yola awa nawa?"

"Huɗu, in mota bai lalace ba."

"To zaren nan duka, a jirgi awa huɗu da rabi ne. Babu rami, kuma kina iya tashi ki miƙe ƙafa."

"Kai ka taɓa hawa?"

"Ban taɓa ba, Dada. Amma na auna."

Sai ta ciji zaren ta tsinke, ta ƙulle a bakin zaninta, ta ce a ɗauko fasfo.

Da ta dawo, gidansa ta fara zuwa da dabino. Ta ce, "Malam, gyara littafinka. Yola ya fi Jidda nisa."

Malam, kai ne ka auna mana duniya da zare, alhali ko filin jirgi ba ka taɓa shiga ba. Ina jin kunyar sunan da muka sa maka, kuma ina alfahari da na zauna a ajinka. Mun gode, Allah Ya kai ka inda ka kai Goggo.

Duk malamin da ke ganin aikinsa ya ƙare a bakin allo, ya tuna da dattijon da ya tuka keke har Sahuda don ya cire wa wata tsohuwa tsoro, ya yi koyi da shi. Ita kuwa tana nan lafiya tana shukar wakenta. In ka kira ta Goggo ba ta waiwayowa, sai ka ce Hajiya.