Bin motar albasa har Fatakwal

Ana idar da sallar asuba muka bar Kura, mu uku, a gaban motar albasa. Albasar ba ta mutum ɗaya ba ce, ta ƙungiyarmu ce ta ajiya da rance, wadda manoma da matan gari ke zuba abin da ya sawwaƙa duk mako. Bana muka yi ta maza, muka sayi kaya da kuɗin jama'a don mu kai Kudu da kanmu. Har bakin mota wata tsohuwa ta biyo ni tana cewa, "Ɗan nan, kuɗin tunkiyata na ciki fa."

Muna wuce Lakwaja ruwa ya ɓarke, ga tamfol ɗinmu ya yage. Abokan tafiyata suna ta barci, ni kuwa hancina na bayan mota.

A Hedbirij ta Anacha, gindin gada, dillalin da muka yi magana da shi ya farke buhu, ya matsa albasa ɗaya, sai ruwa. Ya goge hannu ya ce ya fasa. Ga shi gobe Litinin, ranar da ba a buɗe kasuwa a yankin. Na shiga masallacin 'yan gwari na zauna. Bayan azahar wani dattijo ya dube ni ya ce, "Malam, lafiya? Ko rasuwa aka yi?" Na kwashe labari na gaya masa. Ashe shi ne shugaban ƙungiyarsu.

"Ku ma 'yan ƙungiya ne? To, tashi mu ga kayan."

Kafin la'asar mutanensa sun baje albasar, sun ware ruɓaɓɓu, sun sayi abin da za su iya. Dattijon ya kuma buga waya Inugu da Fatakwal.

Talata muka kama hanyar Inugu, rami na miƙa mu ga rami. A unguwar Kolkam ta Inugu matan wata ƙungiya, Hausawa da Inyamurai masu sayar da abinci, suka kwashe wadda ta fara laushi, tunda ranar za su dafa. Sun matse mu a ciniki sosai, sannan suka ba mu okpa, wato alalar gujjiya, kyauta. Ɗan okadan da ya ɗauke ni ya ce wari nake, sai na ƙara masa kuɗi.

Ragowar mahauta da masu tsire na Tarans-Amadi a Fatakwal suka ɗauka. Wani tsohon mahauci ya ce tasu ƙungiyar a benci ɗaya ta fara, yanzu har ofis gare ta. Ɗansa da ke karatu a Kenya ya ce a can irinta har benaye suke ginawa. Ni dai kai kawai nake gyaɗawa, hankalina na gida.

Mun dawo ba riba, uwar kuɗi ma da ƙyar. A taro an yi mana ca, wasu suka cire ajiyarsu. Abin da na gano shi ne, mun tara kuɗi amma ba mu tara mutane ba, kuma da babu waɗancan ƙungiyoyin da tamu ta mutu a gindin gada. Yanzu an sake zaɓena in raka kaya na gaba. Maiɗakina ta ce in ƙi. Har yau ban ba kowa amsa ba.