Itacen da Gara Ta Rarake

A shekarar da wayar hannu ta fara shigowa Zuru, bayan an gama yankan dawa, wani baƙo ya sauka daga babur a ƙofar gidanmu a Dabai. Ina zaune ina ɓarar gyaɗa. Ya ce shi mai sayen kayan gargajiya ne, an gaya masa a gidan nan ake yin ƙahon itace tun kaka da kakanni. Ya zaro hoto ya miƙa wa ɗana Danladi, wanda bai daɗe da barin aikin soja ba. Wani baƙin dattijo ne mai farin gemu, zaune a ƙasa, yana busa dogon itace mai zane. "Mutanen Ostareliya ke nan," in ji baƙon. "Turawa rububin abin nan suke yi. Duk wanda ya yi kama da shi, ku kawo, zan saya." Na karɓi hoton na daɗe ina kallo, don zaman mutumin nan zaman babana ne.

To, ina yarinya, yayyena maza duk sun tafi soja, ni ce mai bin Baba dutse da goran ruwa. A wurinmu mace ba ta busa ƙaho, ko baki ba ta sa masa. Amma ba wanda ya hana mace saurare. Da rani sai mu hau bayan gari, inda marke da ƙirya suka yi duhu, shi a gaba da ɗan gatarinsa, ni a baya ina tsintar kanya ina cika baki. Baba ba ya sara sai ya ƙwanƙwasa. Ya bugi reshe da ƙotar gatari, ya karkata kai kamar mai jiran a amsa masa sallama. In itacen ya ce kim, sai mu wuce. Wata rana mu wuni ba mu samu ko ɗaya ba, in yi ta ƙunƙuni, shi kuwa ya ce, "Mu ba mu huda itace. Gara ce ke hudawa, mu sai mu zo mu karɓa." Ran da aka dace, reshe ɗaya tak yake cirewa, ya kwaɓa laka da ruwan gorana ya shafe wa bishiyar gurbin, kamar mai ɗaure rauni.

A gida ya zazzage ƙasar gara, ya jiƙa itacen a rafi, ya kankare, ya liƙa kakin zuma a bakin. Aikina narka kakin, ladana lasar abin da ya rage a saƙar zuman. Ni da ƙawayena mukan ɓuya bayan rumbu mu busa karan ganyen gwanda, muna kwaikwayon maza, har innata ta kore mu da muciya. Da damina kuwa, ran golmo, wato noman da samari ke yi wa surukai, da ka ji ƙaho ka san ko samarin wace unguwa ne suka shiga gona, mata su san lokacin ɗaukar kunu ya yi.

Baba ya rasu, abokan sana'arsa suka bi shi, ba wanda ya gada. Shi ya sa da baƙon nan ya tafi, samari suka hau dutse suna kayar da ɗanyar bishiya sukutum, suna huda ta da jan ƙarfe. Daga ƙofar ɗakina ina ganin dutsen yana yin sanƙo. Danladi da bakinsa ya ba ni labarin da ya ji a rediyo, cewa mutanen hoton nan kuka suke yi, ana sare musu daji, waɗanda ba su san kan abin ba su ke yin sa su sayar. Amma washegari ya saɓa gatari. "Inna, in ba mu yi ba, wasu za su yi."

Na ce, "Soja, busa mini ɗaya cikin waɗanda kuka huda in ji."

Ya cika kumatu ya busa. Wallahi kamar akuya mai mura. Matarsa ta yi dariya har ta zubar da tsakin dawar da ke hannunta.

Na ɗauki sandata na ce a kai ni dutse. Ban sani ba ko kunnen nan ya mutu da tsufa. Na bugi reshe, kim. Na bugi wani, kim. Samari suka fara ƙus-ƙus a bayana. Rana ta take tsaka, sai wani tsohon marke ya amsa mini da muryar tulu marar ruwa. Na ce, "Wannan. Shi kaɗai." Da aka sare, ga rami tun daga kai har gindi. Danladi ya leƙa, ya dube ni. "Inna, wa ya koya miki?" Na ce, "Wanda bai san yana koya mini ba."

Da aka gyara ƙahon aka busa, tsofaffi suka fito daga gidaje. Su suka sa doka: ba a kayar da bishiya, reshe ɗaya ake cira, ƙahon farko na kowace shekara kuma na unguwa ne, ba na sayarwa ba. Baƙon ya yi mita, ya ce kayan sun yi kaɗan. Ya dai ci gaba da zuwa, don na gara ba ya tsagewa a hanya.

Yau golmo ya ja baya, a wurin biki lasifika ke tsawa, yara sun fi sanin kukan waya da na ƙaho. Ina kewar safiyar da unguwa uku ke amsa wa juna daga gona zuwa gona. Amma kututturan da aka bari sun yi toho, dutse ya sake yin duhu, kuma da rani nakan hango Danladi yana hawa, 'ya'yansa mata biyu suna gaba, kowace da sandarta ta ƙwanƙwasawa. Abin da aka karɓa da haƙuri ba ya ƙarewa.