Ranar da Uwar Ɗaki Ta Koma Teburin Guga

Shekara goma sha ɗaya ta yi tana guga a shagon wasu kafin ta buɗe nata, har yau akwai tabon dutsen guga a bayan hannunta na dama. Ma'aikatanta huɗu suna kiranta Uwar Ɗaki. Mace ce mai son tsari. Don kada mai kawo kaya ya jira, ta sayo ƙararrawa ta ɗora a kan kantar shagon, ta kafa doka: da an buga, wanda ya fi kusa da ƙofa ya ajiye dutse ya fito. Ita kuwa tana can ƙuryar ofis.

Wata Laraba sai ga Baba Dogo a bakin ofishin. Shi ya fi kowa daɗewa, shi kaɗai ya iya goge kwat ba ta yi ƙyalli ba. In ya tafi, rabin masu kawo kaya za su bi shi.

"Uwar Ɗaki, ƙarshen wata zan ajiye aiki."

"Baba, wa ya taɓa ka?"

"Ba kowa. Jiya matata ta buga cokali a kofi, na miƙe zumbur na ce sannu da zuwa. Jikoki suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba. Riga biyu na ƙona makon nan."

Ba ta roƙe shi ba. Washegari ta naɗe hannun riga, ta shiga ɗakin baya, ta kama teburin da ke kusa da nasa. Tururi ya cika ɗakin, fanka na juya zafi kawai. Duk lokacin da ƙararrawar ta yi ƙara, sai ta ga kafaɗu sun zabura, kowa na satar kallon ɗan'uwansa don ya ga wa zai fita. Kafin rana ta raba, ita kanta wuyanta ya sage. Aka sake bugawa, ta ruga, ta bar dutse a kan rigar matashin kan wani.

"Uwar Ɗaki, warin me nake ji?" in ji Gajera mai ninkin kaya. "Ko sabuwar ma'aikaciya ce ba ta iya ba?"

Aka yi dariya har da Uwar Ɗaki. Sai ta fita, ta ɗauke ƙararrawar, ta sa aka jawo teburinta na ofis zuwa bakin kanta. Daga ranar ita ke karɓar kaya, ita ke shan faɗan mai gaggawa. Ta kuma ce da tsakar rana a zare kowane dutse daga soket, a fito iska minti ashirin.

Ranar ƙarshen wata ta leƙa ɗakin baya. Baba Dogo na shimfiɗa kwat yana 'yar waƙarsa.

"Baba, yau fa wata ya ƙare."

"To, Allah ya kai mu na gaba," ya ce, bai ko ɗago ba. "Ki dai sa a canza mini bargon teburin nan, ya cinye."