Ƙofar da Usta Ya Gyara Kyauta

Kakata ba ta yarda da kowa ba. Ko gishiri aka aiko mata, sai ta ɗanɗana da bakin harshe, ta jira ta ji ko cikinta zai juya. A hannunta na taso.

Ƙauyenmu yana bakin tur'a, babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonakin Jazira. Lokacin tsinkar auduga, da an idar da magariba sai ta tara kara a tsakar gida ta kunna, hayaƙin ya kori sauro. Ta hau gefen angarib ɗinta, gadon nan na igiya, jabana, gahawarta ke nan, tana kan garwashi, mu jikoki muna ƙasa muna sosa yatsun da ƙwanson auduga ya yayyaga. 'Ya'yan maƙwabta Habboba suke ce mata. Mu Kaka muke cewa, don duk wanda ya yi mata Larabci a bakin wuta sai ya sha ludayi a ka. Ba ta da doguwar shimfiɗa.

"Ku ruhe baki," take cewa. "Kunne bai aiki in baki na buɗe."

Tatsuniyoyinta ba na dariya ba ne. Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta tsohuwa mai awaki uku. Tsohuwar tana zaune a bakin daji, ita da awakin ɗaki ɗaya. Ƙyauren ɗakin ya sunkuya. Kafin ya rufu sai ta tallafe shi da kafaɗa, yana ƙara har a ji a bakin rijiya. Sau uku kura tana zuwa. Da ta taɓa ƙyauren sai ya yi kuka, tsohuwa ta farka ta jawo taɓarya. Da kura ta ga haka, sai ta yafa mayafi, ta rataya gizago, ta zo da rana tsaka ta yi sallama.

A nan Kaka takan maƙale murya ta yi siririya. "Haba Inna, da tsuhwanki kina kokawa da icce? Bari in gyara miki. Don Allah, ba don komi ba."

Kura ta sassaƙe ƙyaure, ta shafa masa man shanu, ya koma rufuwa da ɗan yatsa. Tsohuwa ta yi ta sa albarka, har fura ta dama mata. Cikin kwana uku awaki suka ƙare, ɗaya bayan ɗaya, tsohuwa tana barcinta mai daɗi.

Na taɓa tambayarta me ya hana kura cinye tsohuwar.

"Ba nama gare ta," in ji ta. "Kai da ke da nama, kiyayi mai gyara maka ƙohwa kyauta. Wanda ya gyara ta shi ya san yadda take buɗuwa." Ta kurɓi jabana, ta ce mu tashi, wanda bai ji ba kura ta ji mishi.

Kaka ta rasu. Na girma, na yi ƙwadago a gonakin wasu, daga baya na samu tsohuwar boksi, motar nan mai buɗaɗɗen baya, ina jigilar albasa da dawa zuwa Managil. Ƙofar gefen fasinja ta sunkuya tun kafin in saya. Sai ka ɗaga ta da gwiwa, ka buga sau biyu, ta yi ƙara kamar jaki, sannan ta kama. Shekaru ina tare da ita haka.

Da yaƙi ya matso, na yanke zan kai iyalina Mai Wurno wurin dangi. Ana gobe za mu tashi, Usta Haruna ya zo. Makaniken ƙauyenmu ne, ya girme ni. Ya roƙe ni in tafi da ɗiyarsa Hajara da jaririnta. Shi ba zai bar gida ba. Na ce to.

"Kawo motar in gyara maka ƙohwar nan, Garba," ya ce. "Kar ta zubar min da jika a hanya."

"Nawa?"

"Haba. Don Allah."

Na tuna da kurar Kaka. Amma na kai. Ina tsaye ya sa jak da guntun katako ya ɗaga ƙofar, ya fitar da tsohon ƙarfen da take juyawa a kai, wanda ya cinye ya zama kamar tsinke. Ya sa sabo, ya ƙara zobe biyu a ƙarƙashi, ya sassauta ƙugiyar da ke jikin mota ya matsar da ita sama kaɗan. Sai ya ce giris ɗinsa ya ƙare, in je wurin mai injin niƙa in karɓo. Na je na dawo. Ya shafa. Ya tura ƙofar da yatsa ɗaya, ta rufu shiru.

Da na koma gida na kasa zama. Makanike ba ya rasa giris. Na buɗe ƙofar na rufe. Na murza gilashi, ya sauka ya tsaya saura yatsu huɗu. Da can yakan nutse duka. Na duba kusoshin marfin ciki, kawunansu suna ƙyalli, an taɓa su yau.

Hanyar da za mu bi tana da shingayen masu bindiga. In suka sami harsashi ko kayan sata a motarka, ba sa tambayar wanda ya sa. Direba suke saukewa, a gaban 'ya'yansa.

Na kwance marfin. A ƙasan ƙofar akwai ƙulli cikin tsohuwar tayar ciki, an ɗaure da waya. Na warware. Awarwaro ne na zinariya da sarƙa. Na san su. Na marigayiya matar Usta ne.

Bayan la'asar na same shi a bakin rumfarsa, na ajiye ƙullin a kan cinyarsa.

"Mi ne wannan, Usta?"

Bai yi musu ba. "Na Hajara ne. Shi kaɗai uwatta ta bar mata. In a jikinta suka gani, ka san abin da za su yi."

"In a ƙohwata suka gani hwa?"

"Ba su gani, da ba ka buɗe ba." Ya dube ni. "Ba don ina tsoron ka ci na ɓoye maka ba. Wanda ya san inda abu yake, idonai can shika zuwa. Su kuwa ido suke bincike kahin mota. Yanzu ka sani. Ka ɓata min aiki."

"Kai ma ka ɗauki raina ka sa cikin ƙohwa ba ka tambaye ni ba."

Duk mu biyu muna da gaskiya, kuma ba ta amfane mu da komai ba. Na ɗauki ƙullin na tafi.

Na mayar da shi cikin ƙofar, na kwantar da shi yadda gilashi zai sauka duka. Sannan na cire sabon ƙarfen da zoben biyu, na mayar da tsohon tsinken. Na sauke ƙugiyar inda take. Na goge giris da ƙasa, na shafa wa kusoshi laka da baƙin mai. Ƙofa ta koma halinta.

A shinge na biyu suka sauke mu duka. Suka zazzage buhuna, suka ɗaga kujera, suka karɓe wayoyi. Idona yana kan ƙofar, kamar yadda Usta ya faɗa. Wani dogo ya lura.

"Me kake kallo, tsoho?" ya tambaya da Larabci.

"Kar ka buga ta da ƙarfi," na ce. "Faɗuwa za ta yi."

Ya tura, ta dawo. Ya sake turawa, ta yi kukan jakinta ta dawo ta bugi gwiwarsa. Abokansa suka yi dariya. Ya harbe ta da takalmi, ya ce in kwashe tarkacena in ba su wuri. Na ɗaga ta da gwiwa, na buga sau biyu, muka wuce. Hajara ba ta san abin da take jingine da shi ba sai a Mai Wurno.

Na daɗe ina juya tatsuniyar Kaka. Ina yaro na ɗauka kan kura take. Yanzu ina ganin kan ƙyauren take, cewa wani lalataccen abin shi ke gadinka, ka bar shi da kukansa. Inda ta bar ni a duhu shi ne, ba ta taɓa gaya mana abin da za mu yi ba in mai mayafin ba kura ba ne, uba ne da tsoro ya kama. Zargin da ta shuka mini ya nuna mini ƙullin, kuma shi ya kusa kashe mu. Da tana raye da na tambaye ta, da kuma na sha ludayi.

Har yau ba mu ji labarin Usta Haruna ba. Fasinjoji suna ta mita in gyara ƙofar. Sabon ƙarfen da zoben biyu suna cikin aljihun gaban mota, a ƙulle a tsumma. Shi ya fara aikin. In ya zo ya ƙarasa, kuma wannan karon sai na biya shi.